Na tura CV wurare fiye da talatin ba a kira ni ba: takardar ce ko rashin hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gama babbar difloma a fannin akanta a Kano Poly da sakamakon Upper Credit, na yi hidimar ƙasa a wata sakandare a jihar Bauchi inda na koyar da lissafi, na dawo gida bara. Tun ina sakandare nake zama a shagon kawuna a Kantin Kwari, har yanzu ma can nake wuni. A wani shagon buga takardu aka haɗa mini CV mai shafi uku. Na tura shi kamfanoni da bankuna da ƙungiyoyi, wurare sun fi talatin, ko sau ɗaya ba a kira ni intabiyu ba. Abokaina sun ce sai da hanya. Takardar ce ke da matsala ko rashin hanyar ne? Yaya ake rubuta CV ɗin da za a karanta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa.

Mu fara sallamar maganar hanya. Babu mai musun cewa wanda yake da uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Amma wurare talatin babu kira ko ɗaya, alhali ga Upper Credit a hannu, zargin ya fi karkata ga takardar. Shi kansa mai yi maka hanyar, abin da zai fara ce maka shi ne "turo min CV ɗinka". In ya buɗe ya ga abin da zai ba shi kunya a gaban abokan aikinsa, ba zai miƙa ba, sai dai ya riƙa ce maka ana nan ana dubawa.

Shafi uku daga shagon buga takardu, ga wanda bai daɗe da gama hidimar ƙasa ba, wannan kaɗai ya isa a san kamannin takardar. A sama an rubuta CURRICULUM VITAE da manyan baƙaƙe, an zagaye shafin da zane kamar katin ɗaurin aure. Sai suna, jinsi, ranar haihuwa, wurin haihuwa, aure ko babu, addini, ƙabila, ƙaramar hukuma, jiha, ƙasa. Rabin shafin farko ya tafi. Sai wata jimla ta Turanci da ke cewa kana son yin aiki a wuri mai ƙalubale don ba da gudummawa ga ci gaban ma'aikata, jimlar da take cikin CV ɗin duk wanda ya shiga shagon nan tun da aka buɗe shi. Sai makarantu tun daga firamare a shafi na biyu, sai a sake jero su a ƙarƙashin takardun shaida. Abubuwan sha'awa: karatu da tafiye-tafiye. Gogewar aiki kuwa layi ɗaya, hidimar ƙasa. Yaron shagon bai yi maka mugunta ba. Fayil ɗaya ne a kwamfutarsa, ya goge sunan na gabanka ya sa naka. Bai tambaye ka me ka iya ba, kai ma ba ka faɗa masa ba.

Yanzu ka dubi wanda takardar za ta je hannunsa. Gurbi ɗaya ne ko biyu, takardu kuma sun taru a gabansa, a tebur ko a akwatin imel. A zagayen farko ba neman wanda zai ɗauka yake yi ba, rage tulin yake yi. Zai kalli rabin saman shafin farko da tambaya ɗaya a ransa: wannan zai iya aikin nan? In abin da ya tarar a wurin addininka ne da ƙabilarka, ya wuce. Don haka CV ba tarihin rayuwa ba ne. Hujja ce kake kafawa cewa kai za ka iya wannan aikin da aka yi sanarwarsa, kuma duk layin da bai taimaki hujjar ba cin wuri yake yi.

Shi ya sa ba daga kwamfuta ake fara rubutun ba, daga sanarwar aikin ake farawa. Kwafe ta a takarda, ka ɗauki biro ka ja layi a ƙarƙashin abu uku. Na farko sharuɗɗan da ba a ɗaga ƙafa a kansu: irin takardar karatu, matakin sakamako, shaidar gama hidimar ƙasa, shekarun gogewa, wani lokaci da iyakar shekarun haihuwa, musamman a shirye-shiryen ɗaukar sababbin ma'aikata na bankuna. Wasu sanarwoyin digiri kawai suke karɓa, wasu suna haɗawa da babbar difloma. In an ce digiri zalla, ko gogewar shekara biyar a kamfani, kada ka ɓata datarka. Ina kyautata zaton wani kaso na wurare talatin ɗin nan irin waɗannan ne, ka ga ba CV ne ya kayar da kai a can ba, tun farko ba da kai ake ba. Na biyu ayyukan da za a riƙa yi a kujerar kullum. Na uku kalmomin da suka yi amfani da su. In sun rubuta inventory, wato lissafin kayan da ke ajiye, kai ma inventory za ka rubuta a inda ya dace, ba wata kalmar mai kama da ita ba. Manyan kamfanoni da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa da dama suna amfani da manhajar da ke tace takardu ta hanyar neman kalmomi kafin idon mutum ya kai kansu, kuma ko mutum ne ke karantawa, kalmomin sanarwarsa idonsa ke nema.

Ga inda dukiyarka take, kuma shi ne abin da takardarka ta yanzu ta binne: shagon Kwari. Matasan Kano da yawa suna rubuta cewa ba su da gogewa alhali sun shekara bakwai ko goma a Kwari, ko Singa, ko Dawanau, ko shagunan waya na Farm Centre da titin Beirut, saboda a ganinsu aiki sai mai albashi da katin wuya. Kamfanin rarraba kaya da ke Sharaɗa ko Bompai ko Challawa, in yana neman mai kula da sito ko ƙaramin akanta ko kashiya, abin da yake tsoro shi ne ya ɗauki wanda bai taɓa riƙe kuɗin wani ba, bai taɓa ƙirga kaya ya ga giɓi ba, bai taɓa bin bashi ba. Kai kuwa kullum cikin wannan kake.

Zauna da takarda ka rubuta duk abin da kake yi daga buɗe shago zuwa rufewa, da Hausa, ba tare da gyara ba. Wa ke karɓar kaya in an sauke, ya ƙirga turame da bandir ya gwada da takardar da ta rako su? Wa ke rubuta cinikin yini? Littafin bashin 'yan sari da ke ɗaukar kaya su biya daga baya, a hannun wa yake? In mai saye ya ce ya yi taransifa, wa ke tabbatar da kuɗin sun shigo kafin a saki kaya? Wa ke zuwa banki? Yara nawa ne a shagon, kuma wa ke raba musu aiki in kawu ya yi tafiya? Gabanin sallah, lokacin da kasuwa ke cika har ba masaka tsinke, me kake riƙewa? Akwai wani abu da ka gyara, kamar mayar da lissafi daga littafin hannu zuwa Excel, ko gano wani kuskure da ke cinye riba? Daga cikin wannan jerin za ka zaɓi huɗu ko biyar da suka fi kusa da ayyukan da ka ja wa layi a sanarwa.

Kowane layi ana gina shi da abu uku: aikin da ka yi, girmansa da lamba, da abin da ya haifar in akwai. Dubi bambancin. Wani zai rubuta:

"Ina taimakawa wajen harkokin shago."

Kai kuma ka rubuta irin wannan, da lambobinka na gaskiya, don waɗannan misali ne kawai:

"Rubuta cinikin yau da kullum da daidaita shi da kuɗin hannu, na POS da na taransifa kowace yamma."

"Kula da littafin bashin 'yan sari 35 daga Kano, Katsina da Jamhuriyar Nijar, da bibiyar biya kowane mako."

"Ƙidayar kaya kowane wata a shago da sito, kimanin turmi 1,200 na atamfa da bandir 150 na shadda."

"Mayar da lissafin kaya daga littafin hannu zuwa Excel, abin da ya rage ƙidayar wata daga kwana biyu zuwa yini ɗaya."

Da Turanci za ka rubuta su a CV, kuma a nan karatunka na akanta zai yi maka rana, don kowane ɗaya yana da sunansa a littattafan da ka karanta: na farko reconciliation ne, na biyu accounts receivable, na uku stock taking. Aikin da kake yi ne, sunansa na ofis kawai ka ba shi. Ka fara kowane layi da fi'ili, ba tare da "ni" ba. Aikin da kake kai yanzu ka rubuta shi da fi'ilin lokacin yanzu, wanda ka bari kuma da na lokacin da ya wuce, kada ka cakuɗa.

Hattara da abu biyu a nan. Kada ka naɗa wa kanka rawanin da ba a naɗa maka ba. Shago mai yara uku ba shi da Janar Manaja. Mataimakin akanta da kula da kaya ya ishe ka, kuma shi ne gaskiya. Sannan kada ka tona cinikin kawunka a takardar da za ta yi yawo hannu-hannu. 'Yan kasuwa ba sa son a san abin da ke shiga aljihunsu, kuma suna da hujja. Ka nemi izininsa kafin ka ambaci kuɗi, in ya ƙi ka tsaya a kan yawan kaya da yawan abokan ciniki, sun wadatar. In shagon yana da sunan da aka yi wa rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, shi za ka rubuta. In babu, ka siffanta shi: shagon sarin atamfa da shadda, Kantin Kwari, Kano. Shekarun da kake haɗawa da makaranta ka nuna cewa aikin wucin gadi ne na bayan tashi da hutu, daga lokacin da ka dawo ka zauna gaba ɗaya kuma ka nuna haka. Ba sai ka ce na kawunka ne a takarda ba, amma in an tambaya a intabiyu ka faɗa kai tsaye.

Hidimar ƙasa ma haka za ka yi mata: sunan makarantar, gari, wata da shekarar farawa da gamawa, azuzuwan da ka koyar da yawan ɗalibai. In an ba ka tattara sakamakon jarrabawa, ko ka riƙe kuɗin ƙungiyar ayyukan al'umma ta masu hidima, wannan ya fi koyarwar kusa da aikin akanta, ka sa shi gaba. Shekarar koyon aiki da ake yi tsakanin ƙaramar difloma da babba, da watannin SIWES, wato koyon aiki da ake tura ɗalibai suna cikin karatu, su ma gogewa ce, layi biyu kowanne.

Sai tsarin shafin. A can sama sunanka ne kan takarda, babu buƙatar rubuta CURRICULUM VITAE, mai karatu ya san abin da ke hannunsa. Sunan ya zama daidai harafi da harafi da wanda ke kan takardun shaidarka. Wannan yana kayar da mutanenmu sosai: WAEC ta rubuta Mohammed, difloma Muhammad, NIN kuma ta ƙara sunan unguwa ko na kaka. A kamfani mai zaman kansa ƙila a wuce, amma a tantancewar aikin gwamnati ko banki za a tsayar da kai. In takardunka sun saɓa, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun yanzu, kafin ranar buƙata. Ƙarƙashin suna layi ɗaya: lambar waya, imel, da unguwa da gari, misali Gwale, Kano. Cikakken kwatancen gida ba dole ba ne. In aikin a Abuja ne ko Legas kuma za ka iya komawa, ka rubuta haka a fili, don wasu suna tsallake na nesa.

Lambar waya ɗaya, wadda take kunne kullum kuma a hannunka take, ba ta gida da ƙannenka ke ɗagawa ba. Ka duba sunan da Truecaller ke nuna wa mai kiranka, don sau da yawa laƙabin majalisa ne yake fitowa. Muddin kana neman aiki, duk baƙuwar lamba ka ɗaga ta da sallama da natsuwa, ko kana tsakiyar hayaniyar Kwari ka matsa gefe. Imel kuma ya zama sunanka ne. Adireshin da ka buɗe kana aji huɗu mai ɗauke da sunan ƙungiyar ƙwallo ka bar shi ga Facebook. Kuma ka riƙa buɗe shi safe da yamma, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, don gayyatar jarrabawar gwaji takan zo da wa'adin kwana biyu ko uku.

Bayan wannan, layi uku na gabatarwa a madadin waccan jimlar aro. Abin da za su ƙunsa: kai wane ne a sana'a, gogewar shekara nawa a me, da kujerar da kake nema. Misali, mai babbar difloma a akanta da gogewar shekaru a lissafin ciniki, bin bashi da ƙidayar kaya a kasuwar sari, ya iya Excel, yana neman gurbin ƙaramin akanta. Ban da jerin yabon kai irin su mai ƙwazo, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru. Kowa haka yake rubutawa, har wanda aka kora saboda sata. Gaskiyarka tana cikin layin da ya nuna an bar maka littafin bashi shekara da shekaru.

Ga mai irin tarihinka, gogewa ce za ta biyo baya, sannan karatu, kuma kowanne daga na baya-bayan nan zuwa na da. Wanda ba shi da komai sai makaranta shi ne zai fara da karatu. A sashen karatu babbar difloma tukuna, da shekara da sakamako, sai ƙaramar difloma, sai sakandare a layi ɗaya. Upper Credit abin nunawa ne, ka rubuta. Mai ƙaramin sakamako yana iya barinsa in sanarwa ba ta tambaya ba, amma ba ya canza shi. Firamare ka cire, sai fa a aikin gwamnati inda akan nemi ita ma. In ka yi rajista da ICAN ko ANAN, ƙungiyoyin ƙwararrun akantoci, ka faɗi matakin da kake, kada ka rubuta kamar ka gama. Malami ya nuna rajistar hukumar malamai ta TRCN, injiniya ta hukumar injiniyoyi ta COREN, ma'aikaciyar jinya lasisinta mai rai, kusa da sama, don su ne ake fara dubawa. Wanda ya gama karatu bayan ya haura shekara 30 kuma aka ba shi takardar yafewa daga NYSC, hukumar hidimar ƙasa, ita zai ambata a gurbin shaidar hidima. Karatun Islamiyya da hadda kuwa abin alfahari ne, amma wurinsu ya danganta da aikin: a makaranta ko wata cibiyar addini su hau sama, a neman kujerar akanta layi ɗaya a ƙasa ya isa.

Tarin bayanan kai da suka cinye maka rabin shafi, hukuncinsu ya rabu biyu. A kamfanoni masu zaman kansu da ƙungiyoyi, cire addini, ƙabila, aure, jinsi da wurin haihuwa. Ranar haihuwa sai in sanarwa ta sa iyakar shekaru. Hoto ma kada ka liƙa sai an nema. A aikin gwamnatin tarayya kuwa jihar asali da ƙaramar hukuma dole ne, saboda tsarin raba daidai da kundin tsarin mulkin 1999 ya tanada, kuma za a nemi takardar shaidar asalin ƙaramar hukumarka, wadda ake kira indijin. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44. Wadda ke kan takardarka ta indijin za ka rubuta, ba wadda kake haya a cikinta ba. Ka ga ke nan kana buƙatar CV iri biyu tun daga tushe. Abin da ba ya shiga ko wanne shi ne BVN, NIN da lambar asusun banki. Ana neman su ne a fom na hukuma ko bayan an ɗauke ka. CV yawo yake yi, ba ka san hannun da zai ƙare ba.

Sashen ƙwarewa gajere ne, amma nan ake yawan kama mutane. "Na iya kwamfuta" ba ya nufin komai yau. Faɗi manhajar da abin da kake yi da ita: Excel, da irin dabarun da ka iya a ciki kamar SUMIF, VLOOKUP da pivot table, QuickBooks ko Sage ko Tally in ka taɓa aiki da su da hannunka. Wuraren ɗaukar akanta sukan ajiye kwamfuta a gabanka su ba ka minti ashirin ko talatin, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Abin da ba ka iya ba, ko dai ka cire ko ka koya kafin ka tura. Kwamfutar aro da mako biyu sun isa a koyi dabarun Excel ɗin nan uku. Ka rubuta harsuna. Hausa a wurinmu ba abin faɗa ba ce, amma ga kamfanin da hedikwatarsa ke Legas yana neman wakilin sayarwa a Arewa, ko ƙungiyar da ke aiki a karkara, sharaɗi ce. Larabci, Fulatanci, Kanuri ko Faransanci in akwai, da gwargwadon iyawarka: magana kawai, ko har da rubutu.

Masu ba da shaida a kanka mutum biyu sun isa, uku in an ce uku: malamin da ya duba aikinka na kammala karatu, da shugaban makarantar da ka yi hidima, misali. Ka kira su ka nemi izini, ka tura musu CV ɗin, ka gaya musu irin aikin da kake nema. Mutane suna son sa sunan wani babban mutum da suka gaisa da shi sau ɗaya a ɗaurin aure. Ranar da aka kira shi ya ce wane ne haka, an gama. Kawunka kuwa ɗan'uwa ne, shaidarsa ba ta da nauyi sosai a wannan gurbin, gara wani ɗan kasuwa da kuke hulɗa da shi wanda ya san aikinka. Kada ka haɗa mai shaida da garanto. Garanto shi ne wanda zai sa hannu ya ɗauki nauyi in kuɗi suka salwanta a hannunka, kuma bayan an ɗauke ka ake nemansa. In wuri ya ƙure a shafi, ana iya barin sunayen sai an tambaya, in dai sanarwa ba ta ce a sa ba.

Duk wannan ya shiga shafi ɗaya na A4, in ya matsa ƙwarai biyu. Baƙin rubutu a farar takarda, Calibri ko Arial mai girman 11, suna 14 ko 16, gefe kimanin santimita biyu zuwa biyu da rabi. Ban da zanen gefe, ban da launuka, ban da teburi da akwatuna da shafi mai rabi biyu, don manhajar tacewa takan hargitsa su ta karanta layin hagu haɗe da na dama. Ka rubuta a Word ka ajiye asalin a imel ɗinka, ka mayar da kwafi PDF don turawa, sai in sun ce Word suke so. Kada ka buga a takarda ka ɗauki hotonta da waya ka tura, hoto ba rubutu ba ne a wurin manhaja, a idon mutum kuma ganganci ne. Sunan fayil ya zama sunanka da CV, ba "Document1" ba, ba kuma sunan wanda yaron shago ya goge ba. A imel, ka rubuta sunan gurbin a kan saƙo yadda sanarwa ta ce, ka sa layi huɗu ko biyar na gaisuwa da gabatarwa a ciki. Saƙo fanko mai ɗauke da fayil kawai da yawa ba a buɗe shi. Kuma kada ka jera adireshin kamfanoni goma a saƙo ɗaya kowa yana ganin kowa.

Turancin ya zama mai sauƙi kuma daidai. Kuskure ɗaya a rubutun sunan makarantarka ko kwanan wata ya fi muni a CV ɗin akanta fiye da na kowa, don aikin gaba ɗaya na lura ne. Ka karanta da ƙarfi, sannan ka ba wanda ya fi ka Turanci ya duba. Manhajojin da ke rubutu da kansu irin su ChatGPT suna da amfani wajen gyaran nahawu, amma in ka ce su rubuta maka daga farko za su cika takardar da manyan kalmomi da ayyukan da ba ka yi ba. Ka riƙe wannan ma'auni: kowane layi tambaya ce a intabiyu. Layin da ba za ka iya yin bayaninsa na minti biyu da bakinka ba, cire shi.

Masana'antu da shagunan sari da makarantun kuɗi da yawa a Kano har yanzu hannu da hannu suke karɓa. In za ka kai, ka buga a takarda mai kyau, ka sa a babban ambulan ba tare da ninkewa ba, ka haɗa da wasiƙar neman aiki da kwafin takardun shaida, ka rubuta sunan gurbin a bayan ambulan. Asalin takardunka ba sa kwana a hannun kowa. Duk wanda kuma ya ce ka turo kuɗin fom, ko na tantancewa, ko na riƙe maka gurbi zuwa asusun wani mutum, ɗan damfara ne, ko da tambarin wace hukuma ya zo.

Daga yau ka rage yawan turawa. Wurare biyar a wata da ka gyara wa CV daidai da sanarwarsu, kana sauya layukan gabatarwa da jerin abin da ya hau sama, sun fi talatin da aka watsa wa takarda ɗaya. Ka buɗe shafi a littafi ko a Excel: sunan wuri, gurbi, ranar turawa, ranar rufewa, da wane kwafin CV ka tura. Ka kuma adana hoton sanarwar, don sukan sauke ta daga intanet bayan an rufe, kira kuma yana iya zuwa bayan wata biyu, lokacin da ka manta abin da suka ce suna nema da abin da kai ka ce ka iya. In mako biyu suka wuce bayan rufewa ba ka ji komai ba kuma kana da imel ɗin mai ɗaukar aikin, saƙo ɗaya gajere na tuni ya isa, ba a maimaitawa.